Sharhin Bayan Labarai: Tattalin Ruwa da Sake Amfani da Shi a Masana'antu da Manyan Ma'aikatun Kano

Sharhin bayan labarai na yau ya waiwayi batun ruwa ne a birnin Kano, musamman yadda masana'antu da wuraren kasuwanci da manyan ma'aikatu irin su jami'o'i da asibitoci da otal-otal ke sarrafa ruwan da ke shiga hannunsu. A duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarancin ruwa a wannan birni, hankalin jama'a kan karkata ga gwamnati da hukumar samar da ruwan sha, a yi ta tambayar yaushe za a gina sabuwar matata, yaushe za a shimfiɗa sababbin bututu, yaushe famfo zai kawo ruwa a unguwannin da suka daɗe suna dogaro da 'yan garuwa. Waɗannan tambayoyi suna kan hanya, to amma rabin matsalar kawai suka taɓo, domin ɗaya rabin yana cikin harabar manyan masu amfani da ruwa, inda ake janyo shi da tsada, a yi aiki da shi sau ɗaya tak, sannan a sake shi cikin kwata ya kwashi datti da guba zuwa kogi. Matsayar wannan sharhi ita ce, ruwan da ya fi kowane arha ga masana'anta shi ne wanda ya riga ya shigo harabarta, kuma duk ma'aikatar da ta san adadin ruwan da take ci, ta toshe ɓarna, ta ware mai tsabta daga mai datti, za ta rage wa kanta kashe kuɗi, ta kuma rage wa maƙwabtanta cuta.

Akwai abubuwa uku da ya kamata masu sauraro su rarrabe, domin sau da yawa akan cakuɗa su. Na farko shi ne tattalin ruwa, wato a gudanar da aikin da aka saba yi da ruwan da bai kai na da yawa ba, ba tare da ingancin aikin ya ragu ba. Na biyu shi ne sake amfani da ruwa kai tsaye, inda ruwan da ya gama wani aiki bai ɓaci sosai ba ake karkatar da shi zuwa wani aikin da ba ya buƙatar tsabta mai yawa, kamar yadda uwargida kan tara ruwan ɗaurayar wanki ta yayyafa wa tsakar gida kafin shara. Na uku shi ne sake tace ruwa, inda gurɓataccen ruwa ke bi ta matata a cire masa datti da ƙwayoyin cuta da sinadarai, har ya kai matsayin da za a mayar da shi bakin aiki. Ƙa'idar da ta haɗa ukun ita ce, kowane aiki yana da irin ruwan da ya dace da shi, kuma ruwan da aka sha wahalar tacewa domin sha bai kamata ya ƙare a kora bayan gida ko wanke daɓen masana'anta ba.

Kano ba ta rasa madatsun ruwa ba. An kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, aka kuma kammala ta Chalawa a yankin Ƙaraye a 1992, sannan aka gina sabuwar matatar Tamburawa wadda aka tsara za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kowace rana. Duk da haka yawan jama'a da faɗaɗar birni sun yi wa ruwan famfo fintinkau, ga matsalar wutar lantarki da tsufan bututu, saboda haka yawancin masana'antu da makarantu da otal-otal suka koma kan rijiyar burtsatse da tankar sayar da ruwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsage-tsagensa da ruɓaɓɓen samansa, don haka ruwan ƙarƙashin ƙasar birnin yana da iyaka, kuma idan babbar ma'aikata ta kafa injin da ke zuƙa dare da rana, rijiyoyin gidajen da ke kewaye da ita su ne ke fara ja da baya tun kafin bazara ta yi nisa. Haka nan ruwan Tiga da Chalawa ba na Kano kaɗai ba ne, domin kogunan biyu ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ke bi ta iyakar Nijeriya da Nijar a yankin Difa kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Ta ɓangaren fitar ruwa kuwa, manyan unguwannin masana'antu uku na birnin, wato Bompai da Sharaɗa da Chalawa, kowace tana da hanyar da dagwalonta ke bi. Na Bompai yana gangarawa ta rafin Getsi ya shiga Jakara, daga nan ya tarar da madatsar Wasai, na Sharaɗa kuma yana bi ta rafin Salanta zuwa Kogin Chalawa, wanda yake cikin kogunan da birnin ke ɗibar ruwan sha daga gare su. A gefen Jakara da Getsi akwai masu lambu da ke noman rani da wannan ruwa, suna fitar da latas da alayyafo da kabeji da karas zuwa kasuwannin birni. Ke nan an daɗe ana sake amfani da ruwan masana'antu a Kano, sai dai ana yin sa ne ta mafi munin hanya, ba tacewa, ba awo, ba mai ɗaukar alhaki, kuma manomi da mai cin ganye ne ke biyan farashin da lafiyarsu. Wannan ba matsalar Kano kaɗai ba ce, domin rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na gurɓataccen ruwan duniya ana sakin sa ne ba tare da an tace ba, kuma rage wannan adadi da rabi kafin 2030 yana cikin muradun ci gaba mai ɗorewa da Nijeriya ta amince da su.

Matakin farko na gyara shi ne awo, domin mai burtsatse ya fi kowa saurin ɗaukar ruwa a matsayin kyauta, tunda babu takardar kuɗin ruwa da ke zuwa masa a ƙarshen wata. Alhali kuwa kowace lita da ta hau tanki ta ci man dizal ko kuɗin wuta, ta ci ƙarfin injin da zai lalace a sake sayen wani, ta ci sinadarin da aka zuba domin tace ta, idan kuma an dafa ta, ta ci makamashi a karo na biyu. Ma'aikatar da ta sa mita a bakin burtsatse, ta kuma sa ƙananan mitoci a kowane sashe, kamar ɗakin girki da wurin wanki da ɗakunan kwana da sashen injuna, tana iya gano inda ruwanta ke tafiya cikin 'yan makonni. Akwai wani gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar ƙwararre: bayan an tashi daga aiki an rufe dukkan famfuna, sai mai gadi ko mai kula da gini ya rubuta lambar da ke jikin mita, da asuba kafin kowa ya buɗe famfo ya sake dubawa. Idan lambar ta motsa, to akwai yoyo a wani wuri, ko dai bututu ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ko tankin sama ne ke ambaliya saboda ƙwallon da ke tsayar da ruwa ya lalace, ko kuma tankin bayan gida ne ke tsiyaya a hankali ba a ji. Famfo ɗaya da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 20 a yini da kwana, kusan jarka guda ke nan, kuma makarantar kwana mai famfuna ɗari ba ta rasa goma masu irin wannan ɗiga.

Masana'antar da ta fi cancantar a tsaya a kanta a Kano ita ce ta jima, domin sana'a ce da birnin ya yi suna da ita tun zamanin da fatake ke ƙetare Sahara da jar fatar akuya, kuma ita ce a yau ke fitar da dagwalo mafi nauyi. Majeman gargajiya sun yi aiki ne da toka da bagaruwa, na zamani kuwa suna aiki da manyan gangunan da inji ke juyawa da sinadarai masu ƙarfi. Ana fara jiƙa fata domin a fitar da gishirin da aka adana ta da shi, sannan a sa ta cikin ruwan laim, wato farar ƙasar da aka toya, tare da sinadarin salfaid mai narkar da gashi, sannan a wanke, a sa ta a ruwa mai tsami, daga nan a jeme ta da sinadarin kurom, wanda ke hana ta ruɓewa ya kuma ba ta launin shuɗi-shuɗin da aka san ta da shi kafin rini. A tsohon salon aiki, tan ɗaya na ɗanyar fata kan ci lita dubu talatin zuwa dubu hamsin na ruwa kafin a gama, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na kurom ɗin da aka zuba ba ya kama fata, yana bin ruwa ne ya fita.

Babban ɓangare na wannan ruwa yana tafiya ne a wurin wanki, inda akan bar famfo a buɗe ruwa na shiga ganga ta gefe guda yana fita ta ramukan murfi, ganga na juyawa har sai ma'aikaci ya ga ruwan ya washe a idonsa. Idan aka sauya zuwa wanki na awo, wato a zuba ruwa daidai gwargwado, a rufe ganga da murfi marar rami, a juya na ɗan lokaci, a zubar, a sake zuba wani, ana iya rage ruwan wanki da kusan rabi ba tare da an sayi sabon inji ba. Ruwan laim shi ma ana iya tace shi da rariya a cire gashi da tsoka, a ƙara masa sinadarin da ya ragu, a mayar da shi ga fatun da ke biye. Ruwan kurom kuwa dukiya ce tsagwaronta, domin idan aka tara shi a tanki na daban aka zuba masa garin maganisiya, kurom ɗin kan kwanta a ƙasa kamar laka, sai a tsiyaye ruwan sama, a narkar da lakar da ruwan asid, a sake jima da ita. Sinadarin da aka shigo da shi daga waje da kuɗin ƙetare ya dawo ganga ke nan maimakon ya tafi lambun latas. Sharaɗin duk wannan shi ne kowane irin ruwa ya samu magudanarsa, domin idan ruwan salfaid ya haɗu da ruwa mai tsami yakan fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke iya kashe ma'aikaci nan take a cikin rami ko rufaffen wuri.

A masaƙu da marina na zamani, inda kilo ɗaya na yadi kan ci lita ɗari ko fiye kafin a gama wanki da rini da ɗauraya, dabarar da ta fi tasiri ita ce ɗauraya mai juyi, wato ruwan ɗauraya ta ƙarshe, wanda kusan tas yake, a yi ɗaurayar farko ta kaya na gaba da shi, sabon ruwa kuma ya shiga a mataki na ƙarshe kawai. Duk masana'antar da ke da tukunyar tururi, ko ta abinci ce ko ta lemo ko ta man gyaɗa, tana da wata taskar da ake yawan sakaci da ita, domin tururin da ya gama aiki ya huce yakan koma ruwa mai zafi marar gishiri, kuma mayar da shi tukunya yana rage ruwa da makamashi a lokaci guda. Haka ruwan da ake sanyaya injuna da shi a masana'antun roba da ƙarfe, wanda zafi kawai yake ɗauka, bai kamata ya bi kwata ba, tunda ana iya hura masa iska ya huce ya sake zagayowa sau da yawa.

Abin da ya faru a garin Tirupur na jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya ya isa ishara ga duk garin da ke rayuwa da jima ko rini. Tirupur cibiya ce ta ɗinkin riguna da ake fitarwa ƙasashen waje, kuma shekaru da dama marinanta suna zubar da ruwa mai launi da gishiri a Kogin Noyyal, har madatsar Orathupalayam da aka gina domin noman rani ta zama matattarar dagwalo, gonaki da rijiyoyi suka lalace. Manoma suka garzaya kotu, aka yi ta jan ƙafa wajen bin umarni, har a watan Janairun 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe wuraren rini da wanke yadi fiye da ɗari bakwai, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ba a sake buɗe su ba sai da suka rungumi tsarin da ba a sakin ko ɗigon gurɓataccen ruwa zuwa waje, inda ƙananan marina ke tura ruwansu ta bututu zuwa matatun haɗin gwiwa, a tace shi, a tura shi da ƙarfin matsi ta cikin wata siririyar rariya da gishiri ba ya iya ratsawa, a mayar wa masu rini mafi yawan ruwan, har gishirin ma a dawo da shi bakin aiki. Tsarin yana da tsada kuma yana cin wuta ƙwarai, musamman wajen ƙafar da ragowar ruwan gishiri, har sai da gwamnatin jihar ta tallafa da rance marar kuɗin ruwa. Darasin da ke ciki shi ne, gyaran da aka ƙi yi da sauƙi a kan lokaci yakan dawo a yi shi dole da tsada, kuma ƙananan masana'antun da ba za su iya gina matata kowa da tasa ba suna iya tsira idan suka haɗa ƙarfi.

A birnin Durban na Afirka ta Kudu an bi wata hanyar ta daban, wadda babu tilas a cikinta. A shekarar 2001 hukumar birnin da wani kamfani mai zaman kansa suka buɗe matatar da ke iya tace lita miliyan 47 da rabi na ruwan kwatar birni a kowace rana, aka riƙa sayar da shi ga masana'antar takarda ta Mondi da matatar man fetur ta SAPREF a farashin da bai kai na ruwan famfo ba. Masana'antun suka samu ruwa mai arha, birnin ya samu rarar ruwan sha da zai kai wa unguwanni, dagwalon da ke shiga teku kuma ya ragu. Singafo ta fara rarraba nata tataccen ruwan mai suna NEWater a 2003, kuma mafi yawansa yana zuwa ne ga masana'antu, ciki har da masu ƙera ƙananan sassan kwamfuta, waɗanda ke buƙatar ruwan da ya fi na sha tsabta. Birnin Windhoek na Namibiya kuwa tun 1968 yake tace ruwan kwata ya mayar da shi famfon sha, kuma ɗaya daga cikin matakan da suka sa hakan ya yiwu shi ne raba dagwalon masana'antu daga na gidaje tun daga tushe. Kano ba ta da babbar hanyar kwata ta ƙarƙashin ƙasa da ta game birni kamar waɗannan wurare, saboda haka abin da ya fi dacewa da ita shi ne a fara daga harabar kowace ma'aikata da kuma kowace unguwar masana'antu.

Manyan ma'aikatun da ba sa ƙera komai su ma suna da rawar takawa, domin jami'a ko barikin soja ko babban asibiti ƙaramin gari ne mai cin ruwan dubban mutane. Ruwan wanka da na wanki da na wanke hannu, wanda bai haɗu da bayan gida ba, shi ne mafi yawan abin da ke fita daga ɗakunan kwanan ɗalibai da otal-otal, kuma idan aka bi da shi ta ramin yashi da tsakuwa aka sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya isa ya kora bayan gida ya kuma shayar da bishiyoyi. Rufin gine-ginen nan ma hanyar samun ruwa ce, domin milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, wato rufin ɗakin taro mai faɗin murabba'in mita 1,000 yana karɓar lita 800,000 a daminar da aka samu milimita 800. Masu sana'ar ruwan leda da na gora, waɗanda ke tacewa da na'urar matsi da suke kira R.O., sun san cewa na'urar kan ƙi kashi ɗaya bisa huɗu zuwa rabin ruwan da aka ba ta, kuma wannan ruwa, da gishirinsa kawai ya ɗan ƙaru, yana iya wankin mota da daɓe da buga bulo. Irin wannan na'ura ce ke aiki a sashen wankin ƙoda na asibitoci, kuma ruwan da ta ƙi bai taɓa jikin majinyaci ba, don haka ana iya tara shi domin bandakuna. Ruwan ɗakin gwaje-gwaje da na ɗakin tiyata da na ɗakunan masu cututtuka masu yaɗuwa kuwa hukuncinsa daban ne, ba a karkatar da shi ko'ina sai bayan cikakkiyar tacewa.

Masallatan Juma'a da makarantun Islamiyya suna da damar zama abin koyi a wannan fage, domin ruwan alwala yana cikin mafi tsabtar ruwan da ake zubarwa, matuƙar an raba magudanarsa da ta wurin kama ruwa. Ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda a awon yau bai kai lita ɗaya ba, alhali mai alwala a bakin famfon da aka saki yana iya zubar da ninkin wannan sau da yawa. Buta, wadda ke sa mutum ya ga iyakar ruwan da ke hannunsa, ta fi sakakken famfo kusanci da wannan sunna, kuma inda aka kafa famfuna ana iya sa masu rufe kansu, a kuma bi da ruwan zuwa bishiyoyin harabar masallaci. Game da ƙyanƙyamin da wasu ke yi wa tataccen ruwa, fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa ya rataya hukuncin ruwa ne a kan launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma a shekarar 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa gurɓataccen ruwan da aka tace har alamun najasa suka gushe daga waɗannan siffofi uku ya koma mai tsarki, tare da sharaɗin kada ya cutar da lafiya idan za a sha. Bayanin malamai a kan mumbari zai kawar da shakkar da injiniya ba zai iya kawarwa ba.

Sake amfani da ruwa yana da haɗarinsa idan aka yi shi da ganganci, kuma ɓoye wannan ba zai amfani kowa ba. Wajibi ne bututun tataccen ruwa ya zama daban da na ruwan sha, a shafa masa launi na musamman, kamar shunayyar da ƙasashe da dama suka ware domin haka, a kuma rubuta gargaɗi da boko da ajami a bakin kowane famfo, domin kuskuren mai gyaran famfo guda ɗaya na iya shayar da makaranta sukutum ruwan da bai dace ba. Ruwan wanka da aka tara ba a tace ba yakan fara wari cikin kwana ɗaya, tankin da aka bari a buɗe kuma gidan sauro ne. Lakar da ke kwantawa a matatar majema tana ɗauke da kurom, don haka ba taki ba ce, kuma zubar da ita a bayan katanga mayar da gubar ne daga ruwa zuwa ƙasa. Fiye da komai, matata tana buƙatar mutumin da ya san aikinta, da kasafin sinadarai da kayan gyara, da wutar da ba ta yankewa, kuma wannan ne ya sa tsari mai sauƙi da ma'aikatan gida za su iya riƙewa ya fi na'ura mai tsada da za ta tsaya ranar da baƙon da ya kafa ta ya koma ƙasarsu.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta da giɓi mai yawa, domin tun 1991 akwai ƙa'idojin da suka iyakance abin da masana'anta za ta iya saki a ruwa, an kafa hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da majema da masu yin takalma. Abin da ya rage shi ne aiwatarwa ba sani ba sabo, ta yadda mai masana'antar da ya kashe kuɗi ya tace ruwansa ba zai ga maƙwabcinsa da ke sakin dagwalo da tsakar dare ya fi shi riba ba. Ya dace gwamnatin jiha ta yi rajistar manyan rijiyoyin burtsatse na kasuwanci ta kuma wajabta sa musu mita, ta shigar da tara ruwan sama da raba bututu cikin sharuɗɗan amincewa da zanen manyan gine-gine, ta fara da nata asibitoci da makarantu da sakatariyoyi. Ya dace rassan ƙungiyar masu masana'antu na Kano su jagoranci kafa matatun haɗin gwiwa a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, inda kowa zai biya gwargwadon yawan ruwansa da nauyin dattinsa, bankunan raya masana'antu kuma su ba da rance mai sauƙi, tunda da ruwan ciki akan ja na rijiya. Jami'o'i da kwalejojin fasaha na jihar suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da za su iya auna ruwan masana'antu a kai a kai, su kuma horar da matasan da za su riƙe matatun a matsayin sana'a.

Masu sayen fata da tufafi a kasuwannin Turai suna ƙara matsa wa masu sayar musu lamba kan yadda suke sarrafa ruwa da sinadarai, don haka majemar da ta gyara tsarinta tana kare kasuwarta ne tare da kare kogi. To amma ko da babu mai saye daga waje da zai yi tambaya, haƙƙin maƙwabtaka ya isa dalili, domin mai rijiyar da ta ƙafe a bayan katangar masana'anta, da mai lambu a gefen Jakara, da masunci a fadamar Nguru, duk suna da rabo a ruwan da ake zuƙa da wanda ake saki. Babu shugaban ma'aikatar da ke buƙatar jiran sabuwar doka ko tallafin ƙasashen waje kafin ya ɗauki matakan farko, tunda ba su wuce sayen mita, da naɗa ma'aikaci guda da za a riƙa tambaya game da ruwa, da gyara duk abin da ke yoyo, da raba magudanun ruwa mai guba daga na marar guba ba. Wanda ya yi waɗannan a bana zai san ainihin girman matatar da yake buƙata baɗi, zai kuma gina ta da kuɗin da ya yi tsiminsu daga dizal da sinadarai, a lokacin da shi ya zaɓa, tun kafin kotu ko ƙafewar burtsatse ta zaɓa masa.